Jujin Bayan Ɗakin Naman Kaza

Zuwa ga 'yan uwa ɗalibanmu na Arewa da ke karatu a Kudu, musamman 'yan tsangayar noma da masu karatun ƙananan halittu da ke shirin zaɓen maudu'in furojet. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Magana ce a kan naman kaza, wanda wasunmu suka fi sani da laimar kwaɗi. Na san da jin sunan wani har ya yamutsa fuska. Mu dai a gida abu ne da ke fitowa a gindin ruɓaɓɓen icce da damina, yara su sa ƙafa su shure, manya su ce kar a taɓa. Kuma manyan suna da hujjarsu, domin a cikin na daji akwai mai dafin da ke kashe mutum, ba kowa ke iya bambancewa ba. Amma a nan Ibadan abinci ne, Yarbawa suna ce masa olu, ana noma shi a ɗaki, ana sa shi a leda a kai manyan kantuna da otal-otal. Cibiyar binciken gandun daji ta FRIN da ke nan Jericho da cibiyar FIIRO ta Oshodi a Legas sun daɗe suna koyar da nomansa. Wanda aka fi nomawa shi ne mai faffaɗan kai kamar kunne, wanda a littafi ake kira Pleurotus.

To ni ba cinsa ne ya dame ni ba. Wanda zai ci ya ci, wanda ba zai ci ba ruwansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ake zubarwa bayan an gama girbi.

A zangon aikin gona na aji huɗu an tura mu, mu uku, wata ƙaramar gonar naman kaza ta wata mata a bayan gari. Ga yadda aikin yake, don wanda bai taɓa gani ba ya gane inda sharar take fitowa. Ana sayo garin katako daga wurin masu yankan katako, irin su Bodija, a haɗa da dusar shinkafa ko ta alkama da ɗan garin alli, a yayyafa ruwa har ya zama idan ka matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito. A ɗura a leda, a jera a duro, a turara da wuta na tsawon awanni don a kashe ƙwayoyin da ke ciki. Idan ya huce sai a zuba iri. A kai ɗaki mai duhu, cikin sati uku zuwa huɗu wani farin zare kamar auduga ya mamaye ledar gaba ɗaya. Wannan zaren shi ne ainihin jikin halittar, abin da muke gani a waje kamar 'ya'yanta ne kawai. Sai a buɗe bakin ledar a ɗaki mai laima, a yi ta fesa ruwa, ya fara fitowa. A cira, a jira, ya sake fitowa, kamar sau uku ko huɗu, kowane karo yana raguwa. Daga nan ledar ta gama aiki.

Af, kun san a kan me ake raino irin? A kan dawa. Dawarmu ta gida, wadda tirela ke saukewa a Bodija. Ana dafa ta sama-sama, a ɗura a kwalba, a sa zaren ya bi ta. Ranar da na fara ganin kwalaben nan jere dariya ta kama ni, na ce ashe mun daɗe a cikin harkar nan ba mu sani ba.

Ƙiyasin da masana fannin suka saba bayarwa shi ne, duk kilo 1 na naman kaza da aka girba yana barin kusan kilo 5 na wannan saura. Ku lissafa da kanku. Gonar da muka je ƙarama ce, amma a bayan ɗakin akwai juji ya kusa kai ƙirjina, curi-curi kamar burodin da ya kwana, wasu fari, wasu sun yi kore. Koren nan wata fumfuna ce, Trichoderma, babbar abokiyar gabar mai wannan sana'a. Tana hayayyafa a jujin, iska da ƙananan ƙudaje su ɗauko ta su mayar cikin ɗaki, ta lalata sabbin ledoji. Wato jujin asara yake jawo mata kai tsaye. Idan ya ishe ta sai ta biya masu baro su kwashe, ko a jira rani a cinna wuta, leda da komai.

Na tambaye ta, na ce Mama, ba mai saye? Ta dube ni ta ce, Malam, in kana so kwashe duka, har lemo zan ba ka.

A nan ne hankalina ya koma gida. Duk wanda ya tashi a gidan noma a ƙasar Kano ko Katsina ko Jigawa ya san yadda ƙasarmu ta zama. Jigawa ce fara, ka zuba ruwa yanzu, an jima kamar ba a zuba ba. A aji an koya mana dalili: ruɓaɓɓen abu ya yi ƙaranci a cikinta, a wurare da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Zafi yana cinye shi da sauri, mu kuma muna kwashe komai bayan girbi, kara da harawa da ganye, ba abin da ke komawa. Shi ya sa mahaifinka zai ce maka gonar da a da buhu biyu na takin zamani ke isar ta yanzu sai huɗu, kuma amfanin bai kai na da ba. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya gyara jikin ƙasa. Ga tsadarsa tun daga 2022, sannan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara wa kuɗin dako wuta. Iyayenmu sun san maganin tun tuni, shi ya sa ake kai takin gida gona da jaki ko amalanke kafin ruwa ya sauka, shi ya sa ake roƙon Fulani su yi zango a gona. Matsalar ita ce ba ya isa.

Wani zai ce to ai garin katako ne, me ya hana a kwaso shi ɗanye a zuba a gona? Kar ka soma. Ɗanyen garin katako kusan babu naitirojin a cikinsa. Ƙwayoyin ƙasa da za su ruɓar da shi sai sun ari naitirojin ɗin da ke cikin ƙasar, shukarka ta bi ta yi ɗorawa kamar mai shawara. Kuma akwai wani sinadari a jikin icce, liginin, shi ke sa shi tauri, halittu kaɗan ne ke iya narkar da shi. Naman kaza irin wannan yana cikin waɗanda suka fi ƙwarewa a kai, aikinsa ke nan a daji. Saboda haka curin da aka zubar ba garin katakon da aka ɗura ba ne. An riga an ci rabin taurinsa, ya yi laushi, yana shan ruwa kamar soso, kuma gawar farin zaren nan da ta cika shi tana ɗauke da furotin. Aikin da zai ɗauki ƙasa shekara ko fiye an rage shi cikin wata biyu zuwa uku, kuma wani ya riga ya ci ribarsa ya biya kuɗin wutar.

Amma fa kar a zuzuta. Bai zama taki ba tukuna. Abin da muka yi shi ne muka yage ledojin, muka farfasa curin, muka riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa da kashin kaji, muna yayyafa ruwa, muna juyawa duk sati. Kwana kaɗan tsakiyar tarin ta ɗau zafi har ba ka iya barin hannunka a ciki. Wajen wata biyu ya koma baƙi, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Muka haɗa da ƙasa muka yi renon tumatir da attaruhu a ƙananan ledoji, gefe guda kuma muka yi da zallar ƙasa. Ba gwaji ba ne na ƙa'ida da zan kawo muku alƙaluma, ido ne kawai. Abin da idon ya gani shi ne, ranar da muka makara ban ruwa, na zallar ƙasar sun langaɓe kafin azahar, na haɗin kuwa suna tsaye. Wanda ya taɓa jan ruwa da injin fetur a Kadawa ko fadamar Haɗeja ya san abin da wannan yake nufi a aljihu.

Akwai kuma wani abu da ya ba ni mamaki a karatu. Zaren Pleurotus mafarauci ne. Yana fitar da dafi da ke shanye jikin ƙananan tsutsotsin ƙasa, nematod, sannan ya cinye su don ya samu naitirojin. A 2023 wasu masu bincike a Taiwan suka gano ainihin sinadarin dafin. Cikin dangin tsutsotsin nan akwai masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu, shuka ta tsumbure, manomi ya yi ta zuba taki a banza. Ko curin da aka zubar zai rage su a gonar tumatir ta gaske, a zafin Kura, da ruwan Tiga? Wannan tambaya ce da ta isa furojet, har da digiri na biyu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ɗaukar hankalin mutane, wanda ni kuma nake ganin an fi yi masa kwalliya. Duk gasar ƙirƙira da aka yi a makaranta sai ka ga wani ya fito da hoton kwali ko bulo ko takalmi, ya ce da naman kaza aka yi. Asalin labarin gaskiya ne. Wasu ɗalibai biyu a Amurka, Eben Bayer da Gavin McIntyre, sun kafa kamfanin Ecovative a 2007, suna zuba ragowar amfanin gona a cikin mazubi, su bar zaren ya ɗinke shi cikin 'yan kwanaki, su gasa ya mutu. Abin da ke fitowa mara nauyi ne, yana maye gurbin farin soson roba da ake tallafe kaya da shi a kwali, kuma idan an yar yana ruɓewa. Kamfanin kwamfuta na Dell ya yi amfani da shi. Da gwamnatin Legas ta haramta farar robar tekawe a Janairun 2024 sai zancen ya ƙara tashi a nan.

Sai dai abin da masu hotunan ba sa faɗa shi ne, waɗancan da sabon abu suke aiki, da zare mai ƙarfi da aka raina don wannan aikin, a ɗaki mai tsabta da wutar da ba ta ɗaukewa. Curin da ya ba da girbi huɗu ya gaji, abincinsa ya ƙare, ga fumfuna ta shiga. Ana bincike a kan yadda za a farfaɗo da shi, amma wannan aikin ɗakin gwaji ne. Wani abokinmu ɗan injiniyanci ya matsa nasa a gwangwanin madara, ya shanya a tagar hostal, ya fito da kyau har muka yi hoto. Da damina ta kankama, cikin sati guda ya tsotsi laima ya yi gashi. Ban ce kar a gwada ba. Ina dai cewa wanda ke son abin da zai kai ƙauyensu ya yi aiki bana, ba nan zai fara ba.

Na gawayi ya fi kusa da hannu. A busar da curin sosai, a ƙona shi a rufaffen duro da 'yar iska kaɗan har ya yi baƙi, a daka, a kwaɓa da kunun sitacin rogo, a matsa a bututu, a shanya. Yana ci a kurfoti, mun dafa taliya da shi a bayan hostal. Gaskiyarsa ita ce bai kai gawayin icce zafi ba, tokarsa ta fi yawa, domin naman kazan ya riga ya cinye wani kaso na abin da zai ci wuta. Amma ga ɗalibin da gas ya gagare shi, da babu gara ba daɗi. Kuma a nan Ibadan babban wahalarsa shanya ce, abin da mu a gida rana ke yi kyauta cikin kwana biyu.

Batun dabbobi kuwa a yi hattara, don na ji wani yana cewa zai kai wa 'yan Kara a Akinyele. Wanda aka yi da garin katako ba abincin dabba ba ne, ko an narkar da rabinsa icce ne. Wanda aka yi da karan shinkafa ko na masara shi ne ake gwadawa a matsayin wani ɓangare na abincin shanu da tumaki, tunda an sassauta liginin ɗin da ke hana tumbi narkar da shi. Ko shi ma sai mai tsabta, wanda bai yi kore ko baƙi ba. Kar wani ya je ya kashe ragon layyar mutane ya ce ni na faɗa.

Masu karatun kimiyyar haɗa sinadarai, ku ma akwai rabonku. Sinadaran da zaren ke narkar da icce da su suna farfasa rini da wasu dattin man fetur, kuma a jami'o'in Kudu an yi ta gwada Pleurotus a kan ƙasar da baƙin mai ya ɓata. Duk wanda ya san kalar ruwan da ke fitowa daga Sharaɗa da Challawa ya san inda zan dosa.

To, sai mu yi lodin jujin Ibadan mu kai Arewa? Mun yi wannan musun a ɗaki har ƙarfe ɗaya. Wani ɗan Zariya ya ce ai tirelolin da ke kawo shanu da albasa suna komawa da kashin kaji daga gonakin Oyo da Ogun, manoman rani suna saye, me zai hana wannan? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kasuwar ruɓaɓɓen abu tana nan. Amma kashin kaji ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake biyan kuɗin motarsa. Curin naman kaza fiye da rabinsa ruwa ne. Ka biya dizal tun daga Ibadan har Kano don ka kai ruwa? Wurinsa shi ne kusa da inda aka samar da shi: masu lambun ewedu da alayyafo a bakin rafukan Ibadan, masu renon fulawa a gefen titi, da 'yan uwanmu Hausawa masu noman rani a nan Kudu, waɗanda ba su da labarin ana zubar da irin wannan a bayan gari.

Abin da za mu iya ɗauka mu kai gida shi ne hanyar, kuma a nan ma sai an yi lissafi da idon ɗan gida. Mutumin Kudu yana ganin hoton gonakinmu bayan girbi sai ya ce kai, ga shara nan ba iyaka. Bai san karan dawa kuɗi ba ne. Da shi ake danga, da shi ake girki, shi dabbobi ke ci har ruwa ya sauka, harawar wake da ta gyaɗa kuwa a watan Afrilu sai mai hali. Wanda ya ce zai noma naman kaza da waɗannan ya shiga takara da akuyar gidansu, kuma akuyar ce za ta yi nasara. Abin da ya rage da gaske shi ne karan shinkafa a manyan wuraren noman rani inda ake cinna masa wuta don a samu a sake shuka, da totuwar masara, da tuƙar rake, da dattin auduga a wuraren gurza irin na Funtuwa, wanda yana cikin abubuwan da Pleurotus ya fi so. Ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injina shi kaɗai ba ya yi sosai, ya cika tauri kuma ba ya riƙe ruwa, sai dai a gauraya.

Sannan yanayi. Abin nan yana son laima mai yawa, kashi 80 zuwa 90 cikin 100, da zafin da bai wuce digiri 30 ba sosai. A Kano a watan Afrilu muna haura 40, da hunturu kuma leɓen mutum ma tsagewa yake. Saboda haka ko dai a yi shi da damina, ko a ɗakin ƙasa mai kauri da rufin ciyawa da buhunan algarara jiƙaƙƙu a bango, irin dabarar da ke sa ruwan randa sanyi, ko a fara daga Jos da Mambila da Kudancin Kaduna inda yanayin ya fi sauƙi kuma mutane da dama dama suna ci. Masu saye a Kano da Kaduna da Abuja akwai su: otal-otal, 'yan Sin da Indiyawa, mutanen Sabon Gari. Ɗanyensa kwana kaɗan yake yi ya lalace, amma busasshe yana watanni, kuma busarwa ita ce abin da muka fi kowa.

Ni a ganina ko da cinikin naman kazan bai wuce ya mayar da kuɗin leda da iri da itacen turarawa ba, manomin da ya mayar da karan shinkafarsa baƙin taki maimakon toka bai faɗi ba. A nan Kudu naman kazan ne kaya, curin shara. A ƙasa irin tamu ban da tabbacin wanne ne zai fi wani daraja a cikin biyun.

Ledar ita ce har yanzu ban ga yadda za a yi da ita ba. Kowane curi da tasa, ta yage, ta yi datti, masu sayen roba ba sa so. Wasu suna amfani da bokitin fenti da aka huda, a wanke a sake, wannan ya fi dacewa da kara fiye da garin katako.

Masu zaɓen furojet a wannan zangon, ga tambayoyi nan kyauta: wane haɗi na karan shinkafa da totuwa ne ya fi ba da girbi, kwana nawa takin ke bukata kafin ya daina cutar da shuka, nawa za a zuba a kadada kafin a ga bambanci a ban ruwa, da batun tsutsar saiwar tumatir. Ku kai wa malamanku, ku nace a bar ku ku yi da ƙasar garinku, ko da a buhu za ku ɗauko ta bayan hutu. Mu dai ranar Asabar bayan sallar asuba za mu koma kwaso wani lodin, mun samu aron baro biyu, shebur ne babu. Wanda yake da shi, ko yake son zuwa ya gani da idonsa, ya same ni a masallaci bayan isha'i ranar Juma'a, kuma ya zo da takalmin da ba ya jin tausayinsa.